Wuƙar Kawu da Injin Girbi

Landan, Janairu 1976

Kawu Ɗalha,

Ina gaisuwa. Yaya maƙera, yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sanyi ne kawai ya tsattsaga min yatsu, kada ta ji.

Na samo mana tsohon injin girbin masara a Dagenham, wurin wani dattijon Bature. Shekara talatin yana kula da shi kamar doki, ko tsatsa babu! Da farko ya ƙi sayarwa, wai wa zai gyara shi a ƙasarmu? Sai na miƙa masa wuƙar da ka ƙera min. Ya daɗe yana jujjuya ta, sannan ya ce, "Ɗauka. Ba zai mutu a hannun maƙerin nan ba."

Ka share masa wuri a inuwa. Allah ya ƙara girma.

Ɗanka,
Maharazu