Giginya Uku da Tsagar Dutse

Yelwa, Yawuri
12 ga Afrilu, 2023

Abokina Samuel,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ina gajiya, ina zafin Kwantagora? Yaya ɗanka Gidiyon da iyalinsa, yaya kuma gwiwar nan taka da ba ta son sanyi ba ta son zafi? Mu nan da sauƙi, mun gode Allah.

Na ɗauki biro ne don na gaji da yi maka ihu a waya. Ranar da na kira ka, rabin 'yan tashar jirgi sun ji sirrina, kai ba ka ji ba. To ga takarda, direban motar albasa zai miƙa maka. Kunnenka ya yi ritaya tare da kai, amma idonka ƙalau yake.

Nawa ne ba ƙalau ba. Na je asibiti, wata likita sa'ar jikata ta haska ni da 'yar fitila, ta ce hawan jinin ido ne. Ta ba ni maganin ɗigawa, ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage za mu lallaɓa. Yanzu ina kallon duniya kamar mai leƙe ta cikin bututu, tsakiya akwai, gefe babu. Tun watan jiya na daina ɗaukar fasinja. Jirgi na ɗaure, injin na ɗaki.

Idon kaɗai da bai hana ni cin tuwo ba. Ka san tun da ruwan dam ya haɗiye Gungun Tsamiya, ni da kai muna 'yan shekara goma sha uku, itatuwan garinmu ba su kwanta ba. Suna nan tsaye a ƙarƙashi, kowane kututture na jiran cikin jirgi. Sauran matuƙa kewayawa suke yi can nesa. Ni nake ratsawa ta tsakiya, don Baba ya nuna min hanya kafin ya rasu, kuma duk waɗanda suka san ta tare da ni an riga an kai su. Idan giginya ukun nan na gaɓar yamma suka hau layi suka zama kamar ɗaya, tsagar dutse kuma ta zo daidai hancin jirgi, to kana bisa maƙabarta. A nan nake rage wuta in yi wa Inna fatiha, in matsa kaɗan in gaishe maka da tsohonka, kamar yadda ka roƙe ni shekarar da aka tura ka koyarwa.

Wannan sani ba a ba da shi da baki. Sai ruwa ya ja baya, daga yanzu zuwa tsakiyar damina, kawunan kututture su fito, a kai mutum ya gani da idonsa ya haɗa da alamun tudu. Sau ɗaya ƙofar ke buɗewa a shekara. Ban san ko idona zai kai ta baɗi ba.

Wanda zan bai wa kuwa shi ne Nura, autana, shekara ashirin da shida, ga ƙirji ga hannu irin na kakansa. Hannun nan waya yake riƙe da su. Gem suke ce wa abin. Wai jirgin sama ne ke zubar da mutum ɗari a wani tsibiri, su yi ta farautar juna har a bar guda. In an gama, a sake zubo su. Shekara tara ke nan ana zubo Nura. Kakata ta sha ba mu labarin garin aljannu da mutum ke shiga ya manta hanyar gida, ina tsammanin tsoratar da mu take yi don kada mu yi nisa. Ashe garin na nan, har caji ake yi masa.

Na yi masa maganar ruwa. Bai yi min rashin kunya ba, ai da ya yi da na sami abin kamawa. Ya durƙusa ya ce in yi masa haƙuri zuwa baɗi. Wai sunansa na bakwai a duk Afirka, kuma baɗi akwai babbar gasa a Legas da za a ɗauki goma na sama. Na ce ya kawo bakwai ɗin in riƙe a hannu in nuna wa mutanen masallaci. Ya nuna min wani rubutu a gilashi, ƙanana kamar ƙwan kifi.

Kai malami ne, yana jin nauyinka. Rubuto masa layi biyu. Ruwa na sauka kullum, jiya an ce min kan tsamiyar kasuwa ya fara leƙowa.

Ka gaida gida duka. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Sa'idu

Yelwa, Yawuri
30 ga Yuli, 2023

Abokina Samuel,

Bayan gaisuwa, ina ruwa, ina aikin gona a wajenku? Na ji gwiwa ta kwantar da kai sati biyu, Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma muna nan yadda ka sani.

Takardarka ta iso. Na ce ka yi wa yaro faɗa, sai ka yi wa uban. Wai shekara talatin kana koyarwa ba ka taɓa kayar da ɗalibi ba sai ka duba takardarsa, in je in ga abin tukuna. Na yi fushi da kai kwana uku, sannan na tafi.

A rumfar mai cajin waya suke taruwa, bayan kasuwar kifi. Na isa da hantsi. Samari suka miƙe suna ɓoye sigari, aka ba ni benci. Sun jona wayar Nura da talabijin don 'yan kallo, shi ya sa na iya gani ta ɗan bututun nawa.

Samuel, tsibirin nan gari ne sosai. Akwai gidaje, akwai gada, akwai gonaki da tudu. Kuma yaron nan ya san shi. Akwai taswira a gefe, ko sau ɗaya bai kalle ta ba. Yana gudu sai ya karya hagu tun kafin ya ga lungu, lungun kuwa na nan. Ya ce wa abokan tafiyarsa uku, waɗanda ke jin sa ta waya daga garuruwan da bai taɓa takawa ba, kada su bi ta gada, akwai mutum a tagar bene. Ɗaya ya ƙi ji, ya bi, aka kwantar da shi. Na tambayi na kusa da ni yadda aka yi ya sani. Ya ce Baba, Nura ko ƙarar takalmi ya ji ya san a kan katako ake tafiya ko a kan ciyawa, kuma ya san gidan.

Sai na bar talabijin na kalli fuskarsa. Leɓen ƙasa a cije, kai a ɗan karkace, ido a lumshe rabi. Fuskar kakansa ce idan mun shiga tsakanin kututture. Shekara arba'in rabona da ita, sai ga ta a rumfar caji. Da ya gama, shi kaɗai ya rage cikin ɗari, yaran suka yi ta dukan benci suna kiran wani suna da ba ni na raɗa masa ba. Ya juyo yana neman idona. Wallahi tun yana koyon tafiya rabon da ya dube ni haka.

Abin da na yi a nan shi nake so ka sani, don kada wata rana a ce laifin yaro ne shi kaɗai. A hanyar gida na ce masa na ba shi shekarar. Bai sake roƙo ba, ni na bayar. Na ce a raina wanda ya haddace wancan gari, namu ba zai ɗauke shi wata biyu ba. Na ce kuma likitoci suna da zuzuta abu.

Na faɗa wa innarsa Zulaihatu. Ta dai tambaye ni ko na ga tabarmar da na taka na wuce, na ce wace tabarma.

An ce ruwa ya fara dawowa, kan tsamiyar kasuwa ya nutse shekaranjiya. Bana ban je gaida mutanenmu ba. Karo na farko ke nan. Ka yi haƙuri, baɗi za mu je mu biyu, in gabatar musu da shi.

A gaida Gidiyon. Ka riƙa shafa man da na aiko.

Naka,
Sa'idu

Yelwa, Yawuri
21 ga Yuni, 2024

Abokina Samuel,

Ina yi maka sallama da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali. Za ka ga rubutun ya yi kyau. Hannun Nura ne, ni baki kawai nake sawa. Mun yi da shi zai rubuta duk abin da na faɗa, ko da wanda ba ya so.

Takardunka uku na ajiye ban amsa ba, don ban san ta inda zan fara ba. Bari in bi da kai a hankali.

Ba a yi gasar Legas ba. Cikin watan Janairu masu gem ɗin, wani kamfani can ƙetare, suka aiko da sanarwa wai wasan ya tsufa, za su rufe shi su fito da sabo. Suka sa rana, suka gode wa kowa. Ranar ta zo, Nura ya danna, aka ce babu. Lokacin ya kai na huɗu. Na huɗun, da tsibirin, da gadar, da tagar benen, duk an ɗauke kamar an naɗe tabarma. Na tambaya ko ba za a ba shi ko 'yar takardar shaida ba, irin wadda ake ba wanda ya gama firamare. Babu. Sabon wasan wani gari ne daban, yara 'yan sha biyar sun riga sun fi shi sauri a ciki.

Kwana tara yana zaune a gindin mangwaro da waya a kife a cinya. Yana cewa kada in sa wannan, na ce ya rubuta. Mutanen masallaci suka yi ta yi min barka, wai Allah ya raba shi da wahala. Ni na tuna ranar da turawan dam suka zo da takarda suka sa mana rana, su ma har da godiya. Ka tuna tsohuwar nan da ta share ɗakinta tas kafin ta shiga jirgi? Na san abin da ke cikin yaron, amma ban sami kalmar da zan ba shi ba.

Rana ta goma ya zo da kansa ya ce in koya masa ruwa. Na jira wannan magana shekara goma. Da ta zo, ga ruwa cike maƙil, babu abin nunawa. Muka zauna jiran ya sauka, idona kuma na sauka tare da shi. Kafin azumi ya wuce bututun ya toshe. Yanzu haske da duhu kawai nake rabewa.

Duk da haka Asabar da ta wuce muka ɗaura inji muka fita da safe. Na ce ba komai, ni ne sani, shi ne ido. Har bakin Gungun Tsamiya na kai mu da jin iska da yadda ruwa ke bugun katako, na ji daɗin kaina ƙwarai. Sai na ce ya duba yamma ya gaya min idan giginya uku sun hau layi. Ya duba. Ya ce Baba babu giginya. Na ce ya buɗe ido, wannan ba gilashi ba ne. Ya ce akwai gidajen kwano, akwai dogon ƙarfen sabis, akwai gonar albasa, giginya ko ɗaya. Wani mai taru da ke kusa ya ce ai an sare su an yi azara, an kusa shekara uku.

Shekara uku, Samuel. Ke nan zuwana na ƙarshe ma babu su. Ni ina ganin su. Na rantse maka na gan su sun hau layi, na rage wuta, na yi fatiha. Allah kaɗai ya san wa na gaisar.

Tsagar dutse tana nan, amma alama ɗaya layi kawai take ba ka, ba ta ce maka tsaya nan ba. Muka bi layin muka dawo, muka sake bi. Nura na faɗa min kututturen da yake gani, wannan mai reshe biyu, wancan baƙi mai rami. Ni na san su da fuska, ban taɓa sanin su da baki ba. Duk wanda ya kwatanta sai in ji kamar shi ne, kuma kamar ba shi ba. Wajen azahar farfelar inji ta daki ɗaya ta karye. Shekara hamsin ban taɓa ko gogar kututture ba. Nura ya ɗauki filafili ya fitar da mu, kuma in faɗi gaskiya, duk inda muka bi da shigowa ya riƙe, bai kuskure ko ɗaya ba. Da bara ne, da wata guda ya ishe shi.

Kafin mu fita na ce ya tsaya. Na ɗaga hannu na yi wa Inna addu'a, na kira sunan tsohonka. Mai yiwuwa a kan mahauta muke.

Ka tambaye ni a takardarka ta biyu ko yanzu na yarda abin da yaron ya yi abin kirki ne. Ban sani ba. Na ga gwaninta da idona lokacin ina da shi, ba zan ce ban gani ba. Amma an kashe ta daga wani ofis, ba a ko nemi shawararsa ba. Tawa kuma mai gatari ya sare ta ya yi rufin ɗaki. Ni an kira ni gwani, shi an kira shi ɗan zaman banza, ga mu yau a tabarma ɗaya.

Tun ranar nan ya sayo manyan takardu. Ya zana tsibirinsa lungu-lungu, wai kada ya manta. Da ya gama ya ce in faɗa masa Gungun Tsamiya. Kwana huɗu ina faɗa yana zanawa: kasuwa, masallaci, 'yar majami'arku ta kara, rijiya, gidanku, gidanmu, maƙabarta. Zanen ba zai kai kowa wurin ba, shi ma ya sani. Ya miƙo min su biyun na shafa, ban iya bambance nasa da namu ba.

Na sa ya naɗe namu cikin wannan takarda. Kai kaɗai ka rage mai ido wanda ya taɓa ganin garin a bushe. Ka duba min ko ya sa rijiya a inda take, don ina ta kokwanto ko gabas take da tsamiya ko yamma. In ka gyara ka maido masa. Kuma don Allah ka daina tambayata ko na gaishe su.

Zulaihatu na gaishe ka. Mai rubutu ma yana gaishe ka, ya ce biro ya fara ƙin yi.

Naka har kullum,
Sa'idu, da hannun Nura