Shuɗin kihin da ka kawo

Alhusaini ɗana, kai ka jawo wannan ɓarna, kai da mai kihin nan na Konni da yac ce maka duk wuri ɗaya suke zama.

Shuɗin da ka zuba jiya cikin akwatin gilashi bai bar kowa ya huta ba. Rawayar kihin nan da ke riƙe da ɗiyanta cikin baki, ko abinci ba ta ci saboda su, ita ya tasa gaba. Da sahe ina shara ya kore ta har ta zubo su, ya hau haɗiya ina kallo. Ni ka ba su abinci kullum kana biro wurin aiki, ni na san wahalar da ta sha.

Na kwashe ta da ludayi, ita da 'yan da sunka rage. Suna cikin kwallata ƙarƙashin gado, na aza matankaɗi bisa saboda mussa. Kada ka maida su, kada matarka ta zubar da ruwan.

Na tahi Buza gaisuwar rasuwa, mota na jira. Maƙwabciya Cima ta rubuta min wannan takarda, ni ina hwaɗa.

Kahin in dawo ka hidda azzalumin nan. Kuma ka kawo min mai kihin har gida, ya dube ni ya hwaɗa min alhakin ɗiyan nan na wuyan wa.