Yayana Ya Kashe Tsohon da Muka Ƙirƙira Tare

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, kuma ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yi mini dariya. Na san masu rubuto miki da manyan matsaloli suke zuwa. Ni tawa idan na faɗe ta a dunƙule sai a ce ƙoshi ne ya yi mini yawa: na daina magana da yayana saboda mutuwar wani tsoho da bai taɓa rayuwa ba.

A shagon buga takardu nake aiki, wuni nake tsakanin injin kwafi da mutanen da kowannensu nasa ne na gaggawa. Abin da ke sanyaya mini rai shi ne wasan labari da muke yi ta intanet duk ranar Asabar. Mutane kaɗan ne a zaure ɗaya na waya, kowa da jaruminsa, yana rubuta abin da jarumin ya yi ko ya faɗa. Ni ce mai jan labari. Ni nake shimfiɗa musu gari da hanya da haɗari, kuma duk wanda suka gamu da shi, mai gadi ne ko mai sayar da ruwa, ni nake magana da bakinsa. Irin waɗannan muke kira 'yan gari, ba na kowane ɗan wasa ba ne. Yaya ne ya koya mini. Shi direban motar ma'aikata ne, yana da nasa zauren da nasa mutanen. Labarinsa na 'yan fashin teku ne, nawa na matafiya a cikin duwatsu.

Bayan rasuwar Babanmu, ni da Yaya mun zama kamar baƙi a gidan Mama. Mu gaisa, mu zauna, kowa ya kalli bango. Ina makaranta a nesa lokacin da ciwon ya tsananta, kafin in iso an riga an kai shi. Yaya ne ya yi jinyarsa a asibiti shi kaɗai, kuma har yau bai taɓa ba ni labarin kwanakin ba, ni ma ban tambaya ba. Wata rana dai ya kawo shawarar mu riƙa aron 'yan gari, nasa su leƙo wasana, nawa su leƙa nasa. Muka kafa doka ɗaya tak: abin da ya sami ɗan gari a wasa ɗaya, ya same shi a ɗayan. Idan aka sace masa hula a teku, da kai ba hula zai bayyana a duwatsu. Sai ga mu muna waya kusan kullum, muna gardama kan wa ya karya wa wani ƙafa.

A nan aka haifi Tsoho Mai Gyara. Yaya ya zo da shi a matsayin wani mai tura amalanke yana gyaran fitila da makulli, ni kuma na cika shi. Babanmu mai gyaran rediyo da fanka ne, Gwaggo, sai na tsinci kaina ina ɗora wa Tsoho halayensa ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙwanƙwasa abin da aka kawo da yatsa, ya kara a kunne. Ya yi wa mai shi faɗa kafin ya taɓa komai. Ya gama haɗawa a ga kusa ɗaya ta ragu, ya rantse kamfani ne ya saka ta a banza. Har ɗan tarin nan da Baba yake yi kafin ya faɗi kuɗin gyara na saka masa. 'Yan wasa suka haukace a kansa. Wasu da gangan suke lalata kayansu don kawai su je su sha faɗa. Ba wanda ya san daga ina na samo shi sai Yaya. Ni kuwa duk Asabar ɗin da na rubuta maganarsa, ji nake kamar na je shagon Baba na zauna a kan bencin nan na katako.

Ina cikin cire takardar da ta maƙale a inji sai ga saƙo daga Doguwa, wata da take wasa a zaurukan biyu, tana yi mini ta'aziyyar Tsoho. Ashe makonni ke nan Yaya ya kwantar da shi ciwo a wasansa. 'Yan fashin tekun nan suka bar neman dukiya suka shiga neman magani tsibiri tsibiri, ba a dace ba. Ya cika a ƙarƙashin rumfar amalankensa, duk suna zagaye da shi, ɗaya riƙe da hannunsa. Doguwa ta ce har kuka ta yi. Ta ɗauka da sanina aka yi, shi ya sa ba ta taɓa tayar da zancen ba. Na shiga bayan shago na tsuguna tsakanin kwalayen takarda, na yi kukan da ban yi ba ko a zaman makokin Baba. Mai shagon ya leƙo ya tambaye ni wa ya rasu, na share fuska na koma kan inji.

Na kira Yaya na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce ya ci amanata, ya yanka abin da ba nasa shi kaɗai ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ai ya sha gaya mini mu bar tsohon nan ya huta. Gaskiya ne ya faɗa, ba sau ɗaya ba, amma ni na ɗauka wasa yake, har tsokanarsa nake cewa kishi yake don an fi son yadda nake rubuta shi. Na ce to ni a wasana yana raye. Ya ce in yi yadda na ga dama, amma in na tashe shi doka ta karye, kowa ya kwashe 'yan garinsa. Na kashe wayar, na cire shi daga zaurena.

Yanzu mun koma kallon bango, har ya fi na da muni. Mama ta lura. Ta ja ni kicin tana tambaya ko matarsa ce ta yi mini wani abu, ko kan kayan shagon Baba ne. Ta yaya zan dubi idonta in ce kan mutumin ƙarya ne? Ga shi Asabar mai zuwa 'yan wasana suna kan hanyar rumfar Tsoho da fitilarsu da ta fashe, ba su san komai ba, don na roƙi Doguwa ta yi shiru. Idan na bar shi a mace, na rasa wurin da ya rage mini nake jin muryar Baba. Idan na tashe shi, na rasa abu ɗaya da ya rage tsakanina da Yaya. Ba na iya cin abinci sosai, a wurin aiki ina ta buga wa mutane takardu a juye. Haushinsa nake ji, kewarsa nake yi, kuma kunyar kaina nake ji. Me zan yi, Gwaggo?

Ƙanwa mai jan labari

*

'Yata, ban yi dariya ba, kuma ki daina jin kunya. Tsohon na ƙirƙira ne, amma kukan da kika yi a bayan shago na gaskiya ne, ni da ke mun san wanda kika yi wa shi.

Yayanki ya yi laifi, ba zan rufe ba. Abin mutum biyu ba a yanke masa hukunci a ɓoye, balle a bar ki ki ji a bakin wata. Ko dokar taku ma shi ya fara taka ta, tun da ya kwantar da Tsoho makonni bai gaya miki ba. Yana da haƙurin da zai ba ki.

Amma ki zauna a kujerarsa na ɗan lokaci. Ke idan kin rubuta tarin nan, shago kike tunawa da benci. Shi tarin da ya sani na ƙarshe, a gadon asibiti ya ji shi, ba kowa kusa. Kuma dokar ta tilasta masa ya riƙa rubuta shi da hannunsa duk mako, mutane suna dariya. Ya ce miki a bar tsohon ya huta, kika mayar da abin tsokana. Ba na zarginki, ba ki sani ba. Sai dai ki duba irin mutuwar da ya ba shi. Ba takobi, ba wulaƙanci. Jama'a a zagaye, ana ta faɗi-tashin neman magani, wani riƙe da hannu. Ni ban ga mai mugunta a nan ba. Na ga ɗan da ya tsaya shi kaɗai a ɗakin jinya yana fatan da akwai wani tare da shi.

Ki ɗage wasan wannan Asabar, 'yan wasanki ba za su mutu ba. Ki je wurinsa da ƙafarki, ba ta waya ba, kuma ba a gaban Mama ba. Kada ki fara da zancen Tsoho. Ki tambaye shi kwanakin Baba na ƙarshe, ki yi shiru ki saurara, ko da zai ɗauki lokaci kafin bakinsa ya buɗe. Bayan nan ki gaya masa abin da Asabar take a wurinki, don ina zargin shi ma bai san zurfinsa ba. Mama kuma ki faɗa mata gaskiya. Matar da ta zauna da mai gyaran rediyon nan ba za ta ga wautar 'ya'yan da suke kewarsa ba, kuma ki cire matar yayanki daga zargin da ba ta ji ba ta gani ba.

Shawarata a kan Tsoho, kada ki tashe shi. Wanda za ki tasa don fushi ba zai yi miki daɗin rubutawa ba. In kewa ta dame ki, mai jan labari tana da ikon komawa baya ta ba da abin da ya faru a zamanin da yake raye, ba doka da ta karye, kuma ba sai yayanki ya sake ɗaukar muryar ba. Ku ƙara sharaɗi cewa ba ɗan garin da zai mutu sai da yardar ku biyu. Sannan ki mayar da shi zaurenki, ku tsaya tare ranar da 'yan wasanki za su iso rumfar su tarar da ita a rufe.

Wancan karon nisa ne ya hana ki, yayanki ya ɗauka shi kaɗai. Wannan karon kina kusa, 'yata, kada ki sake barinsa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sanyaya zukatanku, ya bar ku tare.

Gwaggonku