Sun Ce Ni Ne Baƙo a Agege

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, raina a ɓace yake. Ban yi boko ba, maƙwabcina Sabi'u mai wankin hula ke rubuta mini, na kuma ce kada ya gyara ko kalma.

Shekarata hamsin da huɗu a Agege. A jirgin ƙasa na sauka, na yi dakon goro har na gina gidana. Masallacin layinmu da kaina na ɗauki bulonsa. To, tsarata sun watse: wasu sun rasu, wasu sun sayar da gidaje sun koma Ota da Ifo. Ɗakunansu yanzu samarin da rashin tsaro ya koro daga gida ne a ciki, shida shida, bakwai bakwai. Ba sa rusunawa in za su gaishe ni. Baba Bayarabe suke kirana, wai Hausata ta gauraye.

Ranar zaɓen ladan na miƙe na ce baƙi ba su da ta cewa. Wani ɗan acaɓa, Uwaisu, ya ce in ƙirga sahu in ga wa ye baƙo. Na ƙirga, Malama. Mu uku ne. Na ɗaga masa sanda, aka riƙe ni. Sati uku ke nan a ɗaki nake salla.

Ɗana Ridwanu ya ce ƙarshen wata zai kawo mota ya kwashe ni zuwa Ota. Ni ba inda za ni, kuma ba na ba yaro haƙuri. Amma in na mutu nan, wa zai wanke ni?

Dattijon Agege

AMSA

Baba, Uwaisu bai kyauta ba, ba a yi wa dattijo haka a bainar jama'a. Amma kai ka fara jifa da kalmar baƙo. Ranar da ka sauka daga jirgi, wani ne ya ba ka tabarma bai tambayi shekarunka a gari ba.

Kada ka tashi cikin fushi. Ka ce wa Ridwanu ya dakata, ka je Ota ziyarar sati biyu ka gani da idonka. Kafin nan ka koma masallaci gobe, ka bar sandar a gida, ka fara yin sallama.

Yarabancin da suke maka dariya a kai, shi suke nema ranar da mai gida zai kore su ko aka kama musu babur. Ka tsaya musu sau ɗaya ka gani. Wanda ka tsaya wa da ranka, shi zai tsaya a kan gawarka.

Allah ya huci zuciyarka, ya sa ka gama lafiya.