Kwana Ɗaya a Masaukin Auta

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da baƙin masaukinka masu ƙafafu lafiyayyu. Mu mun iso gida. Ban ce lafiya ba, na ce mun iso.

Na ɗauki takarda ne saboda a waya katse ni kake yi. Sau uku na kira ka kafin mu taso. Na gaya maka jikata, wadda nake kira Amaryata, shekararta bakwai, ba ta tafiya, ta bututu take cin abinci, kuma maganin farfaɗiyarta na ruwa ne, a sanyi ake ajiye shi. Kowane karo sai ka ce in kwantar da hankalina, ɗakin ƙasa ne, ga teku a bakin ƙofa. Ashe a wajenka ɗakin ƙasa shi ne mai matakala huɗu. Ƙofar banɗaki kuwa, ni kaina sai da na karkace na shiga, balle kekenta. A kan tebur uwarta ta goge mata jiki da tawul.

Duk wannan mun shanye. Amma maganin, Auta! Da hannuna na sa shi a firij, na nuna maka. Kai da basirarka ka ga tunda sanyi ake so, ai firiza ta fi, ka tura shi can kusa da kifi. Da safe kwalba ta zama dutse. Likitanta ya ce a zubar, daskararre ba ya aiki. Kantin magani biyar muka zaga, babu irinsa. Haka muka naɗe kaya muka kama hanyar awa shida, 'yata riƙe da kan yarinya, idonta a kan agogo.

Tekun da ka yi ta kuranta mana, ta tagar mota Amarya ta hango shi.

Ka gaida matarka, ita ba ruwanta.

Yayanka.

*

Auta,

Ina gaishe ka, tunda gaisuwa wajibi ce. Yaya jikin, yaya iyali?

Takardarka ta iso, har da hoton gangaren siminti da ka zuba a kan matakala. Na nuna wa maƙwabcinmu magini, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce in aka saki keke a kansa, sai dai a je a tsamo shi a ruwa.

Ka ce da kyakkyawar niyya ka yi. Na yarda. Tun kana ƙarami niyyarka kyakkyawa ce, mu ne dai muke kwashe ɓarnar. Niyyarka ta kwantar da Amarya kwana biyu a asibiti, don ciwon ya tashi muna hanya. Yanzu ta warware, har tana jan gemuna.

Ga abin da ba ka gane ba. Hutun nan ba na yarinya kaɗai ba ne. 'Yata shekara bakwai ba ta yi barcin awa huɗu a jere ba. Kwana uku kacal ta roƙa, ta zauna ta kalli ruwa, wani ya riƙe mata sirinjin ciyar da yarinya. Wata shida na yi ina lallashinta kafin ta yarda ta fita. Yanzu ta ce ita da kwana a wani wuri har abada. Ni na tsufa, Auta. In ta kulle kanta a ɗakin nan, ban san wa zai fito da ita bayana ba.

Saboda haka ka daina aiko mini hotuna. Ka ɗauko jakarka ka zo nan, mako guda. Ka koyi wanke bututu, da auna magani, da juya yarinya kada bayanta ya yi gyambo, da tura keke ta ƙofa ba tare da ka murje mata yatsa ba. 'Yata ce za ta koya maka, kuma ba ta da haƙuri, ni ma sau biyu ta kore ni. Ran da ta bar ka kai kaɗai da Amarya, ita ta shiga wanka ba ta leƙo ba, ran nan sai mu yi maganar teku.

Na share maka ɗakin ajiya. Tabarma ce, ka zo da filo.

Yayanka, wanda bai huce ba.