Kunyar 'Yar Fari

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Yau muka fara aikin masu binciken da suka zo daga Kano. Mu huɗu aka ɗauka cikin malaman firamarenmu. Za ki zauna a tsakar gidan mutane awa ɗaya, duk sanda uwa ta yi wa jaririnta magana ki ja layi a takarda. Shugabarmu, Dakta Maimunat, ta ce da abin da muka samo za a tsara abin da za a riƙa koya wa iyaye a wurin awo. Wai da hira ake gina ƙwaƙwalwar yaro, tun kafin ya shekara uku. Dariya ta kusa ƙwace min. Hira da jariri, sai ka ce taɓaɓɓiya.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Gida shida, ta wajen Minjibir. Wata mai goyon fari, awa guda cur ban ja mata layi ko ɗaya ba. Yaron na miƙo hannu tana kau da kai, surukarta na gefe. A raina na ce wannan ta san kunya. Haka na yi da tawa 'yar farin.

Asabar, 19 ga Oktoba
Dakta ta biyo gidanmu, ta fito wa yarana da hotunan gwaji da wasa. Iliyasu, ɗan shekara biyu, har rige-rige yake: akuya, buta, keke. Yayarsa Muhsina (sunan da ba na faɗa), shekara huɗu da rabi, biyar ta faɗa cikin ashirin, sauran sai kallon ƙasa.
Dakta ta dube ni: "Sa'adiyya, wa ke hira da ita?"
Na ce kakarta, Inna. Ƙarya nake. Inna ba mai hira da yara ba ce. Babu kowa.

Talata, 29 ga Oktoba
Abinci ya ƙi shiga. Ban taɓa kiran sunan 'yar farin tawa ba, "ke" nake cewa. Tana jaririya in ta yi min murmushi a gaban mutane sai in ɗaure fuska, a yi ta yabona. Wayyo Allah! Ashe ni na rufe mata baki.

Laraba, 6 ga Nuwamba
An karanta mana rahoton. A gidajen da muka shiga, 'ya'yan fari ne a baya. Hedimasta Malam Badaru ya ce a sassauta wurin, kar a ce mun zagi al'ada. Da aka tashi na tare Dakta, na ce, na makara? Ta ce, "Ba ki makara ba, amma ba zan ce miki ba a yi asara ba."
Da ma ƙarya ta yi min.

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Na kira yarinyar ɗaki. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran aike.

Juma'a, 22 ga Nuwamba
Ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ba wani abu ba ne, aikin ne ya yi yawa, na zaunar da ita kusa da ni. Ina ta surutu: wannan ƙwaya biyu ce, wannan ta ruɓe, wannan ɓera ya riga mu. Ita kuwa bakina take kallo. Sai ga Inna da maƙwabciyarmu. Maƙwabciyar ta riƙe haɓa: "A'a, Malama, yau kuma kunyar ta ƙare?"
Yarinyar ta yunƙura za ta tashi, yadda na saba mata. Na riƙo gefen rigarta. Na ci gaba da ba ta labarin gyaɗar.