Loɓaɓɓen Kwanon Awo

Gagarawa, 6 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Ummu Salma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Na ba Sajo direba wannan takarda, don kin san kunnena ya daina jituwa da waya.

Abu ne ya dame ni. Tun rasuwar Innarku ni nake auna hatsi da safe in ba A'i, matar yayanki Ilu, shi kuwa yana can ci-rani. Kwano biyu nake fitarwa, yadda aka saba tun kina goye. Bakin mutum ɗaya ya ragu a gidan, amma jiya na leƙa rumbu na ga ƙasa ta kusa. A zamanin Innarku dami talatin yana kai mu kaka. Bana ko saukar damina ba zai kai mu ba, sai dai mu ci iri, wato geron nan mai gajeren kwana da na gada wurin mahaifina. Idan muka ci shi, ya tafi ke nan.

Shekara talatin na koyar da lissafi, ban taɓa ganin biyu ta fi biyu ba. Na yi wa A'i magana mai zafi. Ta ce, "Baba, abin da ka ba ni shi nake dakawa, ko kuwa turmin ne yake ci?" Ban san me zan zata ba.

Ki gaishe da kowa. Mahaifinki,
Malam Sallau

Gumel, 9 ga Afrilu

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Yaya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara lafiya.

Baba, don Allah kada ka sake yi wa A'i faɗa. Da wane kwano kake awon? Idan da sabon nan ne da Yaya Ilu ya sayo a kasuwar Maigatari, to ka nemo na Inna, mai loɓaɓɓen gindi.

Ta hana ni faɗa maka, amma yau dole. A shekarar farin nan, lokacin da ka ce ko ana ha-maza-ha-mata ba za a rage awo a gidanka ba, ta kifa kwanon ta buga masa taɓarya sau ɗaya, gindin ya shige ciki. Kana cewa kwano biyu, tana cika shi fal a gabanka. Giɓin kuwa da rama da zogale da kabewar bayan ɗaki take cike shi. Ranar da zan tare ta nuna mini, tana dariya, ta ce, "Babanku malami ne, baki yake dubawa, ba ya duba gindi."

Ka yafe mata, ka yafe mini. 'Yarka,
Ummu Salma

Gagarawa, 13 ga Afrilu

Ummu Salma,

Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku. Bayan gaisuwa, ga abin kunya: kwanon nan ni da hannuna na ba kaji suna shan ruwa, don na ga ya tsufa. Na ɗauko shi, A'i ta wanke. Na cika sabon na juye a cikinsa, sai da tafin hannu biyu suka zube a tabarma. Na zauna ina kallon geron nan har rana ta iso ƙafata.

Tafin hannu huɗu kullum, shekara arba'in, ban taɓa tashi daga tuwo da yunwa ba! Matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa, ni kuwa ina yi mata bayanin tattali kamar 'yar aji ɗaya, tana cewa, "To, Malam." Subhanallahi. Ba ta musa mini ba, ba ta kunyata ni ba, kuma ta ciyar da mu. Me zan yafe?

Na roƙi A'i gafara a gaban yaranta. Ta ce, "Ashe dai ba turmin ba ne, Baba." Ta tafi tsinko zogale. Ko mun makara, ban sani ba. Ki taya mu addu'a.

Mahaifinki

Gagarawa, 21 ga Yuni

'Yata,

Ina gaisuwa. Ruwa ya sauka ranar Talata, mun yi shuka, ko ƙwaya ɗaya ta iri ba ta shiga turmi ba. Alhamdu lillahi.

Na so in loɓa sabon kwanon in aiko miki. Na kifa shi, na buga masa taɓarya sau ɗaya yadda kika faɗa. Ya tsage gida biyu. Ashe bugun ma sai wanda ya iya.

Allah ya jiƙanta. Ki huta lafiya.
Malam Sallau